Yadda ake yi idan kunama ta harbi mutum, daga tsakar gida zuwa asibiti

Da zarar watan Maris ya kama a Kano, ɗaki ya daina kwantuwa. Wuta ba ta zama, fanka ta koma ado, mata da yara su jawo tabarmi tsakar gida, samari su baje a kan dakali. Lokacin nan ne kuma kunama take sakewa, don zafi take so, kuma da dare take fita kiwo. Daga nan har ruwan farko ya sauka ya cika mata rami ya koro ta, ba a rasa jin ihun wani cikin dare a unguwa.

A wata bazara, wajen ƙarfe ɗaya na dare, maƙwabciyarmu ta buga mana ƙofa. "Malam, don Allah ka fito, kunama ta harbi autana." Yaron bai fi shekara 4 ba. Kafin in shiga an riga an ɗaure masa ƙafa da robar tayar keke, kakarsa ta ɗauko reza, wani saurayi ya tafi neman kananzir. Mutum shida sun duƙufa a kan ɗan yatsa guda da tocila. Ba wanda ya lura rigar yaron ta jiƙe sharkaf da zufa, miyau kuma yana ta dalala. Na ce, "Hajiya, a bar ƙafar nan haka, a dubi yaron." Muka kwance robar muka sa shi a mota. Sai da ya kwana biyu a gadon asibiti, Allah kuma Ya tashi kafaɗunsa.

Abin da na koya a daren nan shi ne ƙashin bayan wannan bayani. Wurin harbi zogi kawai yake yi. Abin da ke kisa a ƙirji yake faruwa, kuma a fuska da numfashi ake ganinsa.

Fara da sanin wadda ta yi harbin

Nau'in kunama a duniya ya haura 2,000, amma masu dafin da ke iya kashe mutum ba su fi 30 ba, kuma kusan dukkansu 'yan gida ɗaya ne da masana ke kira Buthidae. Wani ƙiyasi da masana biyu 'yan Faransa suka fitar a 2008 ya nuna ana samun harbin kunama kimanin miliyan 1.2 a shekara, mutum fiye da 3,000 kuma su rasu, yawancinsu yara.

A cikin gidan nan, wadda ta fi suna ita ce kunamar hamada, Leiurus quinquestriatus. Ruwan ɗorawa ce mai kalar yashi, siririya, tsawonta bai cika wuce santimita 10 ba. Hannuwanta sirara ne kamar hantsaki, gaɓar wutsiyarta da ke daf da ƙari kuma sau da yawa ta fi sauran duhu. Ita da danginta na kusa suna zaune a Sahara da gefenta, daga Aljeriya da Mali da Nijar da Chadi zuwa Sudan da Masar, har ƙasashen Larabawa. Abokiyar zamanta a hamada ita ce Androctonus mai kaurin wutsiya, wadda ma'anar sunanta da Girkanci ke nan "mai kashe mutum". A watan Nuwamba na 2021 ruwan sama mai ƙarfi ya koro kunamai daga ramukansu a Aswan ta ƙasar Masar, mutum sama da 500 suka sha harbi cikin 'yan kwanaki.

Wadda ake yawan samu a Afirka ta Yamma, har da arewacin Najeriya, ita ce Hottentotta hottentotta. Dafinta bai kai na ta hamada ba, amma gidansu ɗaya, kuma ba a raina ta a jikin ƙaramin yaro. Shi kuwa duwu, baƙin nan ƙato mai hannuwa kamar na ƙaguwa, ido kawai yake tsoratarwa. Da hannu yake kama abincinsa, dafinsa mai sauƙi ne. To amma kada wani ya ɗauka duk baƙar kunama duwu ce, akwai baƙaƙe a cikin masu kaurin wutsiya, a Saudiyya ma ana samunsu. Hannu da wutsiya ake dubawa: in hannu siriri ne wutsiya kuma ta yi kauri, a ji tsoronta ko wace kala ce.

Ga dalilin da ya sa na nace a kan yara. Jijiyoyin da ke kai saƙo a jiki suna da wasu ƙananan ƙofofi da ke buɗewa su rufe cikin ƙiftawar ido. Dafin yana hana su rufuwa, sai jijiya ta yi ta aika saƙo ba ƙaƙƙautawa, kamar hon ɗin mota da ya maƙale. Zufa ta karyo, miyau ya zubo, amai ya taso, jini ya hau, zuciya ta yi ta gudu har ta gaji. In ta gaji sai ruwa ya taru a huhu, nan ne ajali yake zuwa. Kunama ba ta auna wanda take harbi. Abin da ta zuba wa ƙato mai kilo 70 shi za ta zuba wa yaro mai kilo 15.

Mintuna goma na farko

Abu na farko, a janye wanda aka harba daga wurin, a haska, a kakkaɓe masa tufafi da mayafi, don kunama tana iya sake harbi. Wani ya dubi agogo ya riƙe lokacin a kansa, likita zai tambaya. In kunamar tana kusa, a buga mata takalmi a ɗauki hotonta da waya. In ta shige rami a ƙyale ta. Na sha ganin maza uku suna ɗaga buhuna suna nemanta alhali mai ciwo na kwance.

Sai a wanke wurin da ruwa da sabulu. A cire zobe da awarwaro da agogo in a hannu ne. Kunama ba ta barin ƙarinta a cikin fata kamar yadda ƙudan zuma ke yi, saboda haka babu abin tonowa. Sau da yawa ma ba a ganin komai sai ɗan ja, wani lokaci ko shi babu, amma in aka ɗan ƙwanƙwasa wurin da yatsa mutum zai zabura.

Daga nan a sa sanyi. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 10, a ɗauke minti 10, a mayar. In babu ƙanƙara, ledar fiya wata mai sanyi ta wadatar. Kada a ɗora ƙanƙara tsirara a fata.

A ba da farasitamol. Babba ya sha ƙwaya biyu masu miligiram 500, kada ya ƙara sai bayan awa 6. Yaro a ba shi na ruwa gwargwadon nauyinsa, miligiram 15 ga kowane kilo, ko a bi abin da aka rubuta a kwalbar. Ba zai ɗauke zogin duka ba, gaskiya, zai dai rage. Amma kada zafin ciwo ya sa a nemo tiramol ko kodin ko maganin barci. Waɗannan suna danne numfashi, kuma suna rufe alamun da ake so a gani. Yaron da aka bai wa maganin barci, ta yaya za a gane ko barci yake ko suma?

A zaunar da shi, a lallashe shi, a hana shi zirga-zirga. Uwa in za ta iya daurewa ta rage kuka a gabansa, firgita tana ƙara wa zuciya gudu.

Abubuwan da muka saba yi waɗanda ya kamata a bari

Ɗauri shi ne na farko, don kusan kowa da shi yake farawa, wai kada dafi ya hau. Dafin kunama yana bazuwa cikin jiki da sauri, kafin a samo igiya ya yi nisa. Abin da ɗaurin ke tsarewa jini ne, kuma gaɓar da aka hana wa jini na tsawon lokaci tana iya lalacewa. Kaluluwar da ake ji a matsematsi ko hammata ma ba ɗauri ke hana ta ba.

Tsaga da reza da tsotsa ba sa fitar da komai sai jini, sun dai buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Kananzir da fetur da ruwan batir ƙuna suke ƙarawa a kan harbi. Haka ɗora garwashi, haka jona wa mutum wutar fulogin babur. Baƙin dutsen nan da ake mannawa, jini da danshi yake kamawa shi ya sa yake maƙalewa. Ɗura wa yaro manja ko madara kuwa ya fi duka haɗari, domin mai amai in aka ɗura masa abu yana iya sarƙewa ya wuce huhu.

Na san abin da za a ce: "Ai mu da shi aka yi mana, kuma mun warke." Gaskiya ne an warke. Mafi yawan manya da kunama ta harba, ko an yi musu magani ko ba a yi ba, zogin zai lafa cikin sa'o'i ko kwana guda. Duk abin da aka shafa kafin lafawar shi ke kwashe yabo. Ba a gane maganin bai yi ba sai ranar da aka gwada shi a kan ɗan shekara uku.

Addu'a da tofi kuwa ba mai hana su, sun tabbata a sunna. Sai dai ba su buƙatar a zauna a gida. Kaka ta rungumi jikanta a bayan mota tana tofa masa Fatiha, direba yana tuƙi.

Wa za a kai asibiti, kuma yaushe

Nan ne ake yanke hukuncin da ya fi kowane nauyi, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Akwai waɗanda ba a jira a ga alama a jikinsu. Ƙaramin yaro, musamman wanda bai kai shekara 10 ba, da tsoho, da mai juna biyu, da mai ciwon zuciya ko hawan jini ko asma. Haka duk wanda aka harba a cikin hamada, ko kunamar ta fito daga kayan da aka sauke daga can. Waɗannan ana gama wanke wurin sai hanya, sanyin da farasitamol a yi su a mota.

Babba mai lafiya wanda zogi kawai yake ji zai iya zama a gida, da sharaɗin wani ya zauna da shi ido biyu na aƙalla awa 6. Kada a bar shi shi kaɗai a ɗaki a ce da safe a gani. Abin da mai gadin nasa zai sa wa ido: zufa mai yawa ko da ana iska, miyau ko majina ko hawaye suna zuba, amai, ciwon ciki, tsikar jiki na tashi, tsoka na rawa, ido na juyawa, magana na sarƙewa. A taɓa tafin hannu da na ƙafa, in sun yi sanyi ƙalau alhali jiki na zufa, alama ce mummuna. A ɗora hannu a ƙirji a ji ko zuciya na dukan uku-uku, ko kuma bugunta ya ragu fiye da ƙima. Akwai kuma alamar da kunya ke sa iyaye su ɓoye: gaban yaro namiji ya miƙe ya ƙi kwanciya. Wannan shaida ce dafi ya shiga jiki sosai, a faɗa wa likita ba tare da nauyin baki ba.

Haki, tari, numfashi mai ƙara, kumfa a baki, leɓe ya canza kala, jijjiga, ko yaro ya yi laƙwas bayan ya gama fizge-fizge, waɗannan sun wuce alamun gargaɗi, gobarar ta riga ta kama. Kuma a kiyayi shirun yaro. Wanda yake ta tsala ihu ya yi tsit farat ɗaya yana numfashi sama-sama, ba sauƙi ya samu ba.

Jariri ba ya cewa kunama ce. In ya tashi cikin dare da kukan da ba a saba ji ba, ya ƙi nono, yana zufa yana miyau, a kunna fitila a kakkaɓe shimfiɗarsa.

Yawanci alamun suna bayyana daga 'yan mintuna zuwa 'yan sa'o'i, amma matsalar huhu tana iya jinkiri har kusan kwana guda.

A hanya, da kuma can

Mai haki a zaunar da shi a jingine, kada a kwantar da shi rigingine. Mai amai ko wanda hankalinsa ya gushe a kwantar da shi a gefensa, kai ya ɗan karkata ƙasa. Kada a ba shi abinci ko ruwa.

A wuce kemis. Mai kemis zai iya yin allurar da za ta kashe zogi, amma ba shi da iskar oksijin, ba shi da abin auna zuciya, kuma zogin da ya lafa shi ke sa a koma gida a kwanta. A nufi inda ake da sashen gaggawa mai aiki dare da rana. Na cikin gari suna da Asibitin Murtala da Asibitin Yara na Hasiya Bayero, na wajen titin Zariya suna da Asibitin Malam Aminu Kano, na Nasarawa suna da na Muhammad Abdullahi Wase. Da tsakar dare abin hawa wuya yake yi, shi ya sa yana da kyau tun yau kowane gida ya ajiye lambar maƙwabci mai mota ko mai adaidaita sahu da ya yarda a tashe shi.

Da isa, a faɗi magana a dunƙule tun a bakin ƙofa: "Kunama ce, ƙarfe kaza, yaro ɗan shekara kaza, yana zufa yana amai." A nuna hoton. A faɗi duk abin da aka ba shi ko aka shafa masa, ko da abin kunya ne, likita ba alƙali ba ne.

Ga mai zogi kawai, akan yi allurar kashe wuri a inda aka harba, a duba ko yana buƙatar rigakafin tetanus, a sa masa ido na wasu sa'o'i. Wanda dafi ya shiga jikinsa za a kwantar da shi, a riƙa auna jini da bugun zuciya, a sa masa oksijin in ya kama. Akwai wani maganin hawan jini mai suna prazosin da wani likita ɗan Indiya, Himmatrao Bawaskar, ya nuna amfaninsa tun shekarun 1980 a garin Mahad, inda jar kunamarsu ke kashe yara. Yana sassauta jijiyoyin jini ya rage wa zuciya nauyi. Na ambace shi ne don a san akwai abin yi, ba don a saya a ajiye ba, domin yana iya faɗar da jini warwas in ba a ƙarƙashin kulawa ba. Allurar karya dafi kuma kowace da irin kunamar da aka yi ta dominta. Masar da Tunisiya da Aljeriya da Saudiyya suna yin ta kunamansu, kuma ta maciji ba ta aiki a nan.

Abu biyu nake roƙon dangi. Kada a matsa wa ma'aikata da "a ƙara masa ruwa", kamar yadda muka ɗauki ƙarin ruwa maganin komai. Zuciyar da ta gaji in aka cika mata ruwa, huhu ne zai biya. Sannan kada a ɗauke yaro da asuba don ya buɗe ido ya nemi shayi. A bari likita ya sallama.

Bayan an dawo gida wurin zai iya yin kwana biyu ko uku yana dindiris, in an taɓa a ji kamar wutar lantarki. Wannan yana wucewa. In kuwa ya kumbura ya yi ruwa, a koma, galibi aikin reza ne.

Gyaran gida

Kunama wurin ɓuya take nema da abinci. Da rana tana ƙarƙashin tarin bulo, itacen girki, buhun gawayi, tsofaffin kwanuka, tsagar katangar ƙasa, gindin randa inda ke da sanyi. Mazauna gindin Dala da Goron Dutse da bakin badala, da masu maƙwabtaka da kango a sababbin unguwanni, su suka fi saninta. A ɗaga itace da gawayi daga ƙasa a nesanta su da inda ake kwana. A liƙe tsagar bango da siminti ko yaɓe. A sa raga a bakin rariya, a toshe ƙasan ƙofa. Mai ɗaukar bulo ko buhu ya fara juya shi da sanda ko ƙafa mai takalmi kafin ya zura hannu.

Abincinta kyankyaso ne da gyare da gara da gizo-gizo, gidan da ya rage waɗannan ya rage ta. Amma a yi hankali da fiya-fiya. Kunama tana cikin tsaga, feshin bai cika isa gare ta ba, yaran gida kuwa suna shaƙa, kuma gubarsa ma zufa da miyau da amai take sawa. Kaji sun fi shi amfani a tsakar gida, suna tsince ta.

Mai kwana a waje ya kakkaɓe tabarma kafin ya shimfiɗa, ya matsa daga jikin bango, ya ɗaura gidan sauro ya cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ta kowane gefe. Yara kada su tafi banɗaki da dare ba silifa ba tocila. Takalmi sau-ciki, musamman na makaranta, a buga shi a ƙasa a juye kafin a sa ƙafa.

Akwai wata dabara mai daɗi. Jikin kunama yana ƙyalli, kore-kore shuɗi-shuɗi, in aka haska ta da irin tocilar nan ta duba jabun kuɗi. A kashe fitilu bayan sallar isha, a bi gindin katanga da ita, mutum na sanye da takalmi rufaffe da doguwar sanda. Daga nesa za a hango ta. In aka ga mai goyo, 'ya'ya farare a bayanta, a tabbata ba a bar ko ɗaya ba. Haihuwa take yi, ba ƙwai ba, kuma zancen da ake yi cewa 'ya'yan cinye uwar suke yi ba haka yake ba, hawa bayanta suke yi har su yi saɓar farko su watse.

Saura matafiya, don su ne ke haɗuwa da ta hamadar ido da ido: direbobin manyan motoci masu bin Damagaram zuwa Agadas, masu zuwa haƙar zinare a Jado ta arewacin Nijar, masu neman kuɗi a Libiya da Aljeriya. A can yashi ake kwana a kai, asibiti kuma yana iya zama tafiyar yini. Wanda zai iya ya kwana a kan mota, kada ya yi matashi da dutse ko ya kwanta gindin ciyawa. Jaka a zuge ta a rataye, takalmi a ɗora shi sama, bargo a kakkaɓe shi da tocila a hannu. Kafin rana ta faɗi a tambayi mutanen wurin ina asibiti mafi kusa yake, kuma ko yana da allurar kunama. In an dawo Kano, kayan da aka ɗauko a kwance su a fili da rana, a zazzage buhu ɗaya bayan ɗaya kafin a shigar da su ɗakin da yara suke.